Idon Inna da Talo-talon Nahuce

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kawo ni Gusau daga Tsafe ƙusa ce. Ba fankar falo ba, ba ma Anti Murja matar Kawu da ke ta yi mini sannu da zuwa ba. A lokacin, in na shiga gidan mutane ba na iya kallon fuskar kowa, sai in nemi wani abu a bango ko a ƙasa in kafa masa ido har a gama gaisuwa. To ranar ƙusa na samu. Bangon cike yake da hotunan danginmu: ga mahaifiyata da ni a goye, ga 'ya'yan Kawu ranar saukar karatu, ga wani maƙwabci da har yau ba a san yadda aka yi ya shiga cikin dangi ba. A tsakiyarsu duka, a wurin da ya fi kowane kyau, ga ƙusa ita kaɗai, ta yi tsatsa, ba a rataya mata komai ba.

Ku ƙannena, na Tsafe da na Gusau, kun san hoton da ke kan ƙusar nan yanzu, kuma na ji irin labaran da kuke bayarwa a kansa. Wasunku na cewa Kawu ne ya ɓuya a cikin rumbu ya ɗauka. Wasu na cewa yaudarar Inna aka yi da katin rabon taki. Duk ba haka aka yi ba. Tunda na kusa gama sakandare, kuma baki ba ya yi mini aiki kamar biro, bari in rubuta muku yadda abin ya faru. Sharaɗina ɗaya ne: kada wanda ya karanta wa Inna.

Kawu Sani yayan mahaifiyata ne, a gidansa na zauna don karatu. Sana'arsa ɗaukar hoto, yana da shago a bakin kasuwa, kuma shi ne ɗan farin Inna, kakarmu da ke Nahuce. Kun san kunyar ɗan fari, amma irin ta Inna ta wuce ta kowa. Ba ta kiran sunansa, "mutumin Gusau" take ce masa. Ko wani Sani ne na wani gida daban, sai ta ce "mai sunan mutumin Gusau". In ya durƙusa gaishe ta, turmi take amsa wa, ko bango, ko kazar da ta fi kusa. Ga shi kuma Allah ya yi ta mace ce da ba ta zama. In ba ta shiƙa tana tsince wake, in ba ta tsince wake tana korar akuya, in akuya ta tafi sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Kawu na da wani kwali a ƙarƙashin gado, cike da ƙoƙarinsa na shekaru. Na taɓa leƙawa. Wani hoton gefen zane ne yana ficewa. Wani hannu ne da ludayi. Wani tukunya ce ta fito tar, ga wata inuwa dishi-dishi na wucewa a bayanta kamar hayaƙi. A lokacin hoton fuskar Inna guda ɗaya ne a duniya, na katin zaɓe, girmansa bai wuce babban yatsa ba, kuma a ciki ta yi kama da wadda aka kama da akuyar mutane.

A daminar shekarar da na shiga aji biyu Inna ta kwanta ciwo, har aka kawo ta asibiti a Gusau ta yi kwanaki. Ni nake kai mata kunu in na taso daga makaranta. Ko da robar ƙarin ruwa a hannunta, da ta ji takun Kawu sai ta juya fuska bango. Allah ya ba ta lafiya ta koma gida, amma Kawu bai koma daidai ba. Ina wanke-wanke wata rana na ji yana gaya wa Anti Murja cewa ya ɗauki hoton rabin mutanen Gusau, amare da angwaye da 'yan siyasa da masu neman fasfo, amma da Inna ta tafi a wannan ciwon, da ba shi da abin da zai nuna wa jikokinsa sai hannu da ludayi.

"Ni fa Murja," in ji shi, "in aka ce in faɗi yadda idon Inna yake, ban sani ba."

Anti ta yi dariya don ta ɗauka wasa yake. Ni na ga yadda ya daɗe yana kallon ƙusar.

Bayan wata biyu ya dawo daga Kano da sabuwar kyamara. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tsohuwar nauyi ba, amma a kan filo take kwana. Duk wanda ya shigo gidan sai ya sha bayani, har mai kawo mana ruwa. Tsohuwar, in ji Kawu, akwai madubi a cikinta da ke ɗagawa ya yi ƙwas duk lokacin da aka ɗauka, kuma wannan ƙarar ce ke tona masa asiri wurin Inna. Wannan kuwa ba ta da madubi, ana iya sa ta ta yi shiru kamar ba ta nan. Babban abin kuma, ita da kanta take neman idon mutum. Da ka ɗan taɓa maɓallin rabi, sai wani ɗan koren akwati ya fito a allon baya, ya zauna a kan idon, ya manne. Mutum ya yi gaba akwatin ya bi shi, ya sunkuya ya bi shi, ya yi gudu ya bi shi, kuma in ka danne maɓallin ta yi ta ɗauka a jere har ka saki. Ana iya gaya mata abin da za ta nema: mutum, ko dabba, ko tsuntsu, har da mota da babur.

Sati uku Kawu ya yi yana gwaji. Ya tsaya bakin titi yana bin 'yan kabu-kabu, har wani ya tsaya ya tambaye shi ko daga hukuma yake. Ya sa Anti Murja ta yi ta zirga-zirga daga kicin zuwa ɗaki da faranti a hannu har ta ce in yana son abincin rana ya nemi wata. Sai ya dawo kaina. Ya ce in taho daga ƙofa zuwa randa, in koma, in sake tahowa. Na yi sau biyar. Akwatin ya kama kaina da hijabi, amma ido bai samu ba, don ƙasa nake kallo. Kawu ya sauke kyamarar ya ce lallai ni jikar Inna ce, ba a yi musanya a asibiti ba. Ni kuwa duk sati ukun nan ina lura da inda yatsunsa ke zuwa. Ranar Juma'a da yamma, ana gobe za mu tafi Nahuce, tattabarun maƙwabcinmu ya samu. Ya ɗauke su suna tashi, suna sauka, suna faɗa a kan dawa, ya ji daɗi ƙwarai, ya kashe kyamarar ya sa a jaka.

Da sassafe muka kama hanya, ni da shi. Kun san yadda hanyar take, ba kullum ake zuwa ba, kuma direban da zai dawo da mu ya ce kafin la'asar zai juyo, da mu ko ba mu. Muka wuce Bungudu muka shiga Nahuce hantsi bai daɗe da fitowa ba. An gama girbi, tsakar gidan Inna cike da dammunan gero, ita kuma tana tsakiya da faifai tana shiƙa. Kusa da ita ga talo-talonta, wani ƙato mai jan wuya da take kira Alƙali, saboda duk gidan shi kaɗai ne ke kallon mutum ido cikin ido ba ya ƙiftawa.

Ni Inna ba ta jin kunyata, jika ce. Tun daga nesa ta fara.

"Ga 'yar birni nan an zo a shanye muna hura. Ke, mi ad da wancan ya ratayo ga wuya kamar mai tallan maganin shawara?"

Kawu ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa faifai. Ya koma gindin darbejiya ya tsaya kamar mai shan iska. Abin da ban taɓa lura ba sai ranar shi ne, ashe shi ma kunyarta yake ji. Bai iya ɗaga kyamarar ya sa a ido ya auna mahaifiyarsa ba. Sai ya riƙe ta a daidai cikinsa, ya karkato allon sama, ya juya bakinta wajen Inna, shi kuma ya ɗaga kai yana kallon ganyen darbejiya yana ɗan tari. Ya dogara ga na'ura. Ita ba ta kallonsa, shi ba ya kallonta, ba ya kallon allon ma. A duk gidan ni kaɗai ce, da ke tsaye a gefensa da jaka, nake ganin abin da kyamarar ke yi.

A kusurwar allon, can sama, akwai wani ɗan zanen tsuntsu. Koren akwatin ya fito, ya yi ɗan yawo, ya tsallake Inna kamar bai san ta ba, ya sauka daidai a idon Alƙali. Inna ta yi wajen rumbu, Kawu ya juya cikinsa wajen rumbu, Alƙali ya biyo ta don tsabar da ke zuba, akwatin na kan idonsa. Ta dawo wajen murhu, haka. Ta shiga ɗaki ta fito, haka. Na san tattabarun jiya ne suka jawo, ya bar ta a kan neman tsuntsu. Na buɗe baki ya fi sau goma. Amma yaya zan ce wa Kawu, mutumin da ya yi wa mai ruwa bayanin madubi, ya yi kuskure? Na ce a raina yanzu zai duba. Bai duba ba. Kusan awa guda yana kallon darbejiya yana murmushi.

A zaure ya buɗe hotunan, gaban Baba Ɗanjuma ƙanen Inna, wanda ya matso da tabarmarsa don ya ga abin mamakin Kano. Na farko ya fito. Alƙali ne, tar, kana iya ƙirga ƙurajen wuyansa, a bayansa wani abu mai launin zanen Inna ya narke kamar an shafa da ruwa. Na biyu Alƙali na tafiya. Na uku ya buɗe wutsiya. Kawu ya yi ta murza 'yar tayar da ke gefen allon, da sauri, da sauri, Alƙali ya yi ta tafiya a allon kamar fim. Akwai wanda ya ɗaga ƙafa ɗaya yana kallon kyamara kai ka ce takarar kansila zai tsaya. Da aka kai wajen na hamsin, Baba Ɗanjuma ya gyara hula.

"Sani, wagga na'ura ta san manya. In ka wanke ka aiko min guda, in za a kai shi kasuwar Bungudu sai mu hwara tura hoton."

Ya yi dariya har ya kwanta a tabarma. Kawu bai yi ba. Ya fara cewa an cuce shi a Kano, an ba shi mai aljanu. A nan ne na ji muryata ta fito, ƙasa-ƙasa, ina kallon takalmina, na ce akwai tsuntsu a kusurwa. Ya ce wane tsuntsu kuma, Alƙali bai ishe mu ba? Na miƙa yatsa na nuna. Ya daɗe yana kallon ɗan zanen. Ya tambaye ni tun yaushe na gani. Na ce tun gindin darbejiya. Ya ce Allah ya shirye ni da kakata gaba ɗaya.

Ya mayar da ita kan mutum, muka koma ciki. Amma dariyar Baba Ɗanjuma ta riga mu shiga, Inna ta gane abin da ake ciki. Yanzu kam na'urar ta yi aikinta, ba ta sake kula Alƙali ba, duk da ya yi ta gilmawa yana neman a ci gaba. Akwatin ya kama kan Inna ya bi ta ko'ina. Sai dai kan da ya kama, bayansa ne. Duk inda Kawu ya koma, ƙeya take ba shi, ba tare da ta daina aiki ba, kamar da ido a bayanta. Muka samu ɗaurin ɗankwalinta ta kowace kusurwa. Muka samu kunnenta na hagu, tar, har da zaren da ta sa a hujin don kada ya toshe. Aka yi azahar, aka ci tuwo, aka sake gwadawa. Sai direba ya kira ya ce yana bakin hanya.

Kawu ya kashe kyamarar, ya sa a jaka, ya miƙo mini. Bai yi fushi ba, kafaɗunsa ne kawai suka sauka. Ya ce in jira shi a bakin zaure zai yi sallama.

To ga abin da na sani wanda ba wanda ya sani. A asibiti, duk ranar da Kawu ya gama gaishe da bango ya juya zai fita, Inna na juyowa a hankali ta bi bayansa da kallo har labule ya rufe. Na gani ya fi sau biyar, ina zaune da kwanon kunu, don mai shiru mantawa ake yana wurin. Ranar ma a Nahuce na gani sau biyu, lokacin da ya fita zaure da lokacin da ya tafi masallaci. Fuskarsa ce ba ta kallo. Bayansa kuwa ta san shi sarai.

Ina tsaye a bakin zaure na zuge jakar. Ban taɓa taɓa kayan Kawu ba. Na ciro ta, na tura ƙarƙashin hijabi, na bar bakinta kawai a waje, na kunna yadda na ga yana yi. Na duba kusurwa, ba tsuntsu, ɗan zanen mutum ne. Can na hango Kawu a durƙushe yana cewa za mu koma. Inna ta gaya wa turmi a gaida mutanen gida, Allah ya kiyaye hanya. Ya tashi, ya juyo, ya taho wajena kansa a ƙasa.

Na taɓa maɓallin rabi. Akwatin ya kama ɗankwalinta, babba. Kawu ya yi taku uku, huɗu. Sai ɗankwalin ya fara juyowa. Akwatin ya ƙanƙance ya koma fuska, ya sake ƙanƙancewa ya zauna a idonta na dama. Ba ta tsaya ba, Inna ai ba ta tsayawa. Ta ɗauki ƙwarya ta biyo bayansa tana kaɗa hannu kamar Alƙali take kora. Ta kauce wa damin gero, akwatin ya bi ta. Ta ɗan sunkuya ƙarƙashin igiyar shanya, ya bi ta. Alƙali ya gilma ta gabanta da wutsiya a buɗe, akwatin bai ko waiwaye shi ba. Na danne maɓallin ban saki ba har Kawu ya wuce ta gefena ya shige zaure.

"Ke, mi kike ɓoyo cikin hijabi?"

Na ce kayan Kawu ne, wanda ba ƙarya ba ne, na ruga.

Muka kama hanya. A Bungudu ya saya mini rake, na kasa sha. Washegari ya tafi shago da kyamarar don ya goge talo-talo, amma kafin azahar sai ga shi ya dawo, abin da bai saba ba. Ya sa Anti Murja ta kira ni falo. Na riga na fara tunanin yadda zan haɗa kayana zuwa Tsafe. Ya ajiye allon a gabana ya tambaya wa ya ɗauki wannan. Na kalli ƙusa. Ya ce ba duka zai yi ba. Na ce ni ce.

Kun san hoton. Inna na tafe, ƙwarya a hannu, gefen zanenta ya tashi, dammunan gero sun narke a bayanta, idonta a buɗe tar, bakinta kamar za ta yi magana ta fasa. Kawu ya ce bai taɓa ganin ta da irin wannan fuskar ba. Ya matso da hoton, ya mayar, ya sake matsowa.

"Me take kallo haka, Luba? Ko Alƙalin ne?"

"Kai take kallo, Kawu. Kullum in ka juya haka take yi."

Ya sake kallon hoton. Can sai ya ce fankar nan na watsa wa mutum ƙura a ido, ya tashi ya fita. Anti Murja ta ɗaga kai ta kalli fankar. Tun safe ba wuta.

Hoton ya hau ƙusa a satin. Na Alƙali mai ƙafa ɗaya ya hau bangon shago, kuma har yau akwai masu shigowa su ce irin wannan tsayuwar suke so. Ni kuwa na biya nawa. Labari ya kai Nahuce ta bakin Baba Ɗanjuma, Inna ta ce ƙarya ake yi mata, talo-talo take kora don kada ya fice waje, kuma a kan wannan maganar take har gobe. Zango guda cur ba ta aiko mini da ƙuli-ƙuli ba, ta aiko wa kowa, har maƙwabcin nan na cikin hoto. Ta sa mini suna 'yar sandan ciki. Abin da ya fi damuna ba ƙulin ba ne. Abu ne da ta ɓoye shekara arba'in da wani abu, ba ta cuci kowa da shi ba, ni kuma na ɗauke shi a cikin hijabi na kai aka rataya a falo. Na ɗan samu sauƙi ne ranar da aka kawo ta Gusau a sake duba ta. Kawu na shago, ta ɗauka ba kowa a falon, ta tsaya gaban hoton ta daɗe, sannan na ji ta ce wa fanka, ashe dai tana da kyau, mutane ne ba su faɗi.

Amma na ɓata wani abu, kuma sai a zuwanmu na gaba na gani. Da Kawu ya yi sallama ya juya, Inna ba ta ɗago ba. Ta jira, tana leƙen hijabina, har ya kusa zaure. Da ta tabbata hannuna ba komai, ta fara ɗago kai, sai shi kuma, da yake yanzu ya sani, ya kasa haƙuri ya waiwayo. Nan take ta koma wa turmi. Ya fita bai ga komai ba, ita ma ba ta ga komai ba. Tsakar gidan taku goma sha biyu ce daga turmi zuwa zaure, na ƙirga, kuma su ne kaɗai rabonta da shi a wata biyu ko uku.

Na yi ta juya maganar a mota har muka wuce Bungudu. Ban taɓa roƙon Kawu komai ba, ko kuɗin biro Anti nake gaya wa. Muna gab da shiga Gusau na kafa ido a bayan kujerar direba, na kira shi. Ya ce na'am.

"Kawu, don Allah in mun sake zuwa, ka bar kyamarar a gida. In ka yi sallama kuma, ka riƙa tafiya a hankali, kada ka waiwaya."